Lantana da Ciyawa Dami Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, na zaune da na kishingiɗe.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Wata tsohuwa ce mai daddawa, sunanta Lantana. Ɗakinta guda ne, a gefen gari. A cikin ɗakin akwai kalwa buhu biyu. Ita ce jarinta, ita ce abincinta na shekara. Ana nan, ana nan, rannan da bazara sai guguwa ta zo ta ɗauke jinkar ɗakin, ta yi gaba da ita. Lantana ta ɗaga kai, ta ga sama. Ta duba gabas, ta ga hadari ya fara leƙe. In ruwa ya sauka a kan kalwar nan, ta ruɓe. In ta ruɓe, Lantana ta shiga uku.

Abin da take bukata kaɗan ne, ciyawar jinka dami uku.

Manyan garin su uku ne, kowa da tarin ciyawa a bayan gida. Ta je wurin Madugu Shekarau, ya ce shekara ta yi wuya. Ta je wurin Sarkin Pawa Nomau, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ta je fada, Sarki ya ce ta dawo bayan damina a duba maganarta.

Ta komo, ta zauna gindin wata tsamiya tana hutawa. Ashe akwai aljana a tsamiyar. Sai ta ji murya daga sama: "Baiwar Allah, mene ne a ƙulle a bakin zanenki?"

Lantana ta ce, "Daddawa ce, dunƙule ɗaya."

Aljana ta ce, "Shekara ɗari ina shan miya lami. Mutane kullum kaji suke kawo mini, ba wanda ya taɓa tunawa da daddawa. Zo mu yi musaya."

Lantana ta ce, "In kina da ciyawa dami uku, ta ishe ni."

Aljana ta ce, "Ni da nake kwana a reshe, ina ni ina ciyawa? Kaza nake da ita."

Ta ba da daddawa, ta karɓi farar kaza, ta rungume ta, ta kama hanya.

To, garin nan yana da wata al'ada. Babban mutum yana iya hana talaka, wannan ba abin magana ba ne. Amma in ya yi musaya da talaka, dole abin da ya bayar ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba, don a ji, a faɗa a kasuwa.

Tana tafe, tana tafe, sai ta bi ta ƙofar Madugu. Yana zaune a kan buzu, ya ce, "Iya, ina kika samu kaza haka fara sol?"

Ta ce, "Ta aljanar tsamiya ce, uban tafiya. Zan kai wa Sarkin Pawa ko zai so."

Madugu ya miƙe zaune sosai. Ya ce, "Nomau? Kazar aljana a gidan Nomau? Kawo ta nan. Faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Ciyawa dami uku ta ishe ni."

Ya ɓata rai. Ya ce, "Iya, zagina kika zo yi? So kike a ce Madugu Shekarau ya yi musaya da ciyawa? Ku kwanto mata rago."

Ta ba da kaza, ta karɓi rago. Ta duba gabas, hadari ya yi baƙi.

Tana tafe, tana jan rago, sai ta bi ta mahauta. Labari ya riga ta isa. Sarkin Pawa ya zagaya ragon, ya matsa bayansa, ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan ne ragon da ake ta surutu a kai? Madugu ya ba ki ƙashi da fata, ya cika gari da baki. Bar mini shi in rataye shi a kasuwa, kowa ya ga ba kitse. Me zan ba ki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ciyawa dami uku ta ishe ni."

Ya ce, "Madugu ya ba da rago, ni in ba da ciyawa? Ashe ba kya ƙaunata. Ku kwanto mata sa."

Ta ba da rago, ta karɓi sa. Ta duba gabas, hadari ya fara cida.

Tana tafe, sa yana janta, mutane suna cewa, "Lantana, kin yi arziki." Ita kuwa kalwarta take tunani. Ba ta kai gida ba aka ce Sarki yana kira.

Sarki ya ce, "Tsohuwa, tun safe ba sunan da nake ji sai na Madugu da na Sarkin Pawa. Kamar garin ba shi da mai shi. Bar san nan a fada. Roƙi abin da kike so a madadinsa."

Ta durƙusa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ciyawa dami uku ta ishe ni."

Sarki ya ce, "Tsufa ne. Ba ta san abin da take faɗa ba. Ku kawo mata farin raƙumina."

Ta ba da sa, ta karɓi raƙumi. Aka yi ta yi mata barka. Ta ja akala har gida, ta zauna a bakin ɗakin da ba jinka, ta rafka tagumi.

Raƙumi ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya leƙa ɗakin ta sama, tunda ba abin da zai tare shi. Ya ce, "Iya, ina zan kwana?"

Ta ce, "Inda zan kwana. A fili."

Ya ce, "Ni ɗan arewa ne, ba na shiri da ruwa. In ya dake ni kwana biyu, sai ƙazwa."

Ta ce, "Ni ma kalwata ba ta shiri da shi. Sau uku na roƙa, sau huɗu na nemi musaya. Ga ni da kai."

Raƙumi ya yi tuƙa, ya yi tuƙa, sannan ya ce, "Don kanki kika roƙa?"

Ta ce, "To don wa?"

Ya ce, "Shi ne kuskurenki. Na daɗe a fada, na san su. Tashi ki ja ni."

Suka koma fada. Raƙumi ne ya gurfana gaban Sarki. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sallama na zo yi. Inda ka aika ni ba rufi. Gobe ruwa zai dake ni, jibi gashina ya zube. Ni ba komai, dabba ce ni. Abin da ke damuna, duk wanda ya gan ni a hanya zai ce, ga raƙumin da Sarki ya bayar, mai ƙazwa."

Sarki ya zabura. Ya ce, "Kafin ruwa ya sauka, a yi wa raƙumin nan ɗaki."

Madugu ya ji, ya aiko da ciyawa dami ashirin. Sarkin Pawa ya ji, ya aiko da arba'in. Sarki ya ji, ya sa aka kwashe ta bayan fada kaf. Maza suka taru a gidan Lantana, wasu na kafa itace, wasu na ɗaura jinka. Aka yi ɗaki mai tsawo, mai faɗi, rufi a kan rufi, irin wanda ko gidan Madugu babu. Ɗakin Lantana yana nan gefe a buɗe, ba wanda ya dube shi. Ai ba shi aka ce a rufe ba.

Suna ɗaure igiyar ƙarshe, iska ta taso. Kowa ya ruga gida. Lantana ta tsaya a ƙofar sabon ɗaki, ta ce, "Salamu alaikum, mai gida. Ko akwai ɗan gefe?"

Raƙumi ya ce, "Shigo, Iya, ke da buhunanki. Sai dai in za ki dafa kalwar nan, ki faɗa mini in fita shan iska."

Ta jawo buhu ɗaya, ta jawo na biyu. Tana ajiye shi, ruwa ya kece. Ya kwana uku yana zuba, ko ɗigo bai taɓa kalwa ba.

Da ruwa ya ɗauke, gari ya ɗauka da yabo. Aka ce ba a taɓa yin manya masu tausayin dabba irin waɗannan ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma raminta. Ku dai ku riƙe wannan: akwai mutanen da kukanka ba ya buɗe hannunsu, sai tsoron abin da za a faɗa a kansu. In Allah ya ba ku, ku ba mutum abin da ya roƙa, a ranar da ya roƙa.