Tutar da Ma'azu Bai Ɗaga Ba

Akwai wani dattijo, Malam Ilu, da ya yi shekara talatin yana haɗa taragai a tashar jirgin kaya ta Kano. Ko talatin da biyu ne? Ku gafarce ni, lissafi ya fara guje mini. Bayan matarsa ta rasu, ɗansa Ma'azu, mai fatauci a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ya ɗauko shi zuwa can.

A ɗakinsu na unguwar Dengfeng, tsohon ya shimfiɗa ɗan layin dogo a kan tebur, da ƙananan taragai irin na wasa. Amma shi ba wasa yake ba. Kowane tarago da katinsa: abin da ya ɗauko, da inda za shi. Gyaɗa, Legas. Fatu, Zariya. A hankali yake jera su, kamar masu nauyin gaske.

Doka ɗaya ce ba ya karyawa. Jirgi ba ya tashi sai wani mutum dabam ya karanta katunan duka, sannan ya ɗaga koriyar tuta.

"Ma'azu, zo ka sallami jirgin nan."

"Baba, ka danna maɓallin kawai mana. Wa zai kama ka?"

"Direba ba ya sallamar kansa."

"To laoban, sai na dawo daga kasuwa," in ji Ma'azu yana dariya, yana kiransa maigida da yaren garin.

Haka kullum. Na ziyarce su wata Juma'a bayan mun sauko daga masallacin Huaisheng, na ce bari ni in ɗaga masa tutar. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan jirgin na Ma'azu ne."

Wata biyar jirgin na tsaye. Da sanyi ya shigo, ciwon ƙirji ya kwantar da Malam Ilu, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. A can aka binne shi.

Bayan sadakar uku, Ma'azu ya zauna gaban teburin yana karanta katunan ɗaya bayan ɗaya. Na tarago na ƙarshe, ga abin da ke jiki: "Kaya: Ilu. Zuwa: Kano, kusa da Hindu."

Hindu ita ce mahaifiyar Ma'azu. Tsohon gida yake so, kunya ta hana shi faɗa da baki.

Ma'azu ya ɗaga tutar. Amma babu direba.

Darasi: Iyaye ba su cika roƙo da baki ba. In tsoho ya kira ka kan abin da ka raina, je ka duba tun yana nan. Ku tura wa duk wanda nasa ke raye.