Mutumin da Ya Cire Wayoyi Huɗu Gaba Ɗaya

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, wanda matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai. Tun daga ranar ya rufe ƙofarsa. Ya daina zuwa sujada, ya bar zumuntar maza ta ikilisiya, in an ƙwanƙwasa sai ya amsa daga ciki, "Lafiya lau nake." Ba lafiya lau yake ba. A tsaye yake cin abinci, don zama gaban kujerar da ba kowa ya fi ƙarfinsa.

Wata rana saƙo ya zo cewa yayansa, wanda shi kaɗai ya rage masa, yana kwance a ƙauye rai a hannun Allah, yana ta kiran sunansa. Motar haya sai ranar kasuwa take shiga ƙauyen, saura kwana biyar. Tsohuwar motarsa kuwa ta daɗe tana jijjiga, ya san fulogi ne suka gaji, sai ya sayo sababbi huɗu.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Habila bakanike, amma ina! Wanda ya yi shekara talatin ana tambayarsa, yau shi zai tambaya? Ya ɗaga murfin inji, ya zare wayoyin fulogin nan huɗu gaba ɗaya, har daga tushensu, wai zai goge su. Ya kwance tsofaffin fulogi, ya ɗaura sababbi tsaf. Da ya zo mayar da wayoyin, sai ya tsaya riƙe da su, don duk baƙaƙe ne, bai san ina kowacce take shiga ba.

Ya jona yadda ya ga dama, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta buga kamar bindiga, ta yi shiru. Ya sauya, ya sake sauyawa, har yini biyu, yana jin Habila ta bayan katanga yana dariya da iyalinsa. A rana ta uku batir ya mutu. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, sa'an nan ya tashi ya je ya yi sallama a ƙofar Habila.

Habila ya leƙa injin ya ce, "Haba, Baba Malam! Ai ɗaya-ɗaya ake yi. Ka cire ɗaya, ka sauya, ka mayar, sauran ukun na nan suna nuna maka hanya." Nan da nan ya daidaita su, maƙwabta suka tura, mota ta tashi.

Da ya isa ƙauye, ya tarar ana dawowa daga makabarta. Matar yayansa ta ce masa, "Har jiya da yamma yana tambaya ko ka iso."

To, ga ma'anar misalin nan. Wayoyin su ne zumuncin da Allah ya ɗaura ka da shi: ikilisiya, maƙwabta, dangi, addu'a. Baƙin ciki yakan sa mutum ya janye, Ubangiji kuwa bai hana ka kuka ba. Amma kada ka zare su duka a rana ɗaya. In ba za ka iya zuwa sujada ba, to ka bar ƙofa a buɗe. In addu'a ta gagare ka, ka bar wani ya yi maka. Wanda ya yanke duka, ranar da zai nemi komawa ba ya sanin ta ina zai fara, lokaci kuma ba ya tsayawa jiransa.

Mutumin nan ya koma sujada daga baya, an kuwa karɓe shi hannu bibbiyu. Amma yayansa bai gan shi ba.