Haruffa Bakwai na Malam Ƙasimu

An ce wai a Ƙauran Namoda, tun jirgin ƙasa yana zuwa, an yi wani tsohon ma'aikacin tasha, Malam Ƙasimu, mai son wasan haɗa kalmomin Turanci da 'yan katakai masu haruffa a kan allo. Dokarsa ɗaya ce: ba ka ajiye kalma a zaurensa sai ka faɗi ma'anarta da Hausa. Shekara ashirin yana neman kofin garin, bai taɓa ɗauka ba.

A shekararsa ta ƙarshe ya kai wasan ƙarshe, a zaurensa, shi da Sallau tela, wanda Malam ɗin ne ya koya masa wasan. Jakar haruffa ta ƙare, Sallau yana gaba da maki arba'in, bugu ya zo kan Malam, sai aka kira la'asar. Ya kife haruffansa bakwai, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Tabawa, “Yau kam kofin yana hannuna.” A masallaci ya faɗi, bai sake tashi ba.

Tabawa ba ta san ko baƙi ɗaya na Turanci ba. Ta kifa babban faranti a kan allon, ta kulle zauren, har ta fita takaba. Sannan aka taru gaban Malam Jibo, tsohon hedimasta mai alƙalancin wasan.

Sallau ya ce, “Allah ya jiƙan Malam, amma doka ta ce wanda bai ƙarasa ba ya faɗi. Kuma ni ke gaba.”

Tabawa ta ce, “Ni ban san doka ba, Malam. Na san mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a kan gishirin miya. Ya ce yana hannunsa.”

Malam Jibo ya daɗe yana kallon allon. In ya bi doka, ya zubar da maganar mamaci; in ya bi tausayi, ya zalunci mai rai. Can ya ce, “Wasa bai ƙare ba, saura bugu ɗaya. Duk garin nan babu wanda ya san hannun Ƙasimu kamar kai, Sallau. Koma kujerarsa ka buga masa. Abin da ka ajiye, shi zan rubuta, ba mai ce maka don me.”

Sallau ya zauna. Ya daɗe da sanin abin da ke kife, domin gwani yana ƙirga haruffan da suka rage. Da ya ajiye 'yar kalma mai harafi uku, da kofi nasa ne. Ya buɗe haruffan ɗaya bayan ɗaya. Tabawa ta ga ya share ido da hannun riga, ya jera bakwai ɗin duka: granary. Mai zubar da bakwai a bugu ɗaya kuwa ana ƙara masa maki hamsin.

Malam Jibo ya ce, “Dokar zauren nan fa? Ma'ana.”

“Rumbu,” in ji Sallau. “Na taɓa musa masa cewa babu wannan kalma. Ya kama kunnena har ƙuryar gidansa ya nuna mini rumbunsa, ya ce, ‘Ga ta nan cike da gero, sarkin gardama.’”

Aka yi dariya, ana hawaye. Tabawa ta ce, “Rumbun yana nan, Sallau. Ban taɓa sanin yana da suna a wasanku ba.”

Aka rubuta sunan Ƙasimu a jikin kofin. Tabawa ta rungume kofin, ta kwance makullin zauren daga bakin zanenta ta miƙa wa Sallau, ta ce, “Kada allon nan ya sake kwana a rufe.”

Wanda ya koyi kalma da ma'anarta, ya koyi kunyar wanda ya koya masa ita.