Rakiyar da Ta Ƙona Tuwo

Dalilin da ya sa yashin gaɓar tekun arewa ya yi baƙi al'amari ne mai nauyi, wanda masana suka yi furfura a kansa. Tuwo ne ya ƙone.

Na je wurin da ƙafata, yara. Yashi baƙi ƙirin, duwatsu masu kaifi sun yi tsaye a bakin ruwa, ga wani dogon tsauni a baya yana ɗan hayaƙi. Littattafai sun ce tsaunin ne ya yi aman wuta. Ban musa ba. Sai dai ba su faɗi wanda ya bar wutar ba kowa a gindinta ba.

A da, yashin fari ne tas kamar garin tuwo. A kan tsaunin akwai wata dattijuwa, Tasalla, mai tukunya ɗaya da ke ciyar da gari guda. A ƙasa kuma akwai maƙwabciyarta Yalwa, uwar teku, wadda ruwa ke bin bayanta kamar bakin zani. Ruwan a lokacin salam yake, ba ɗanɗano. Matan nan biyu suna zaman lafiya, in ban da abu ɗaya. Kowaccensu ta ɗauka duk faɗin ƙasar ba wanda ya kai ta karrama baƙo, kuma ba ta shirya jin an ce wata ta fi ta ba.

Ranar sunan jikan Tasalla, ta ɗora tukunyar, ta yi talge, ta tura manyan itatuwa. Sai ga sallamar Yalwa.

"Yaya, barka da arziki. Ɗan gishiri na zo ki sam mini, miyata ta ƙi daɗi."

Tasalla ta ɗebo daga kantun gishirin da ke jingine da murhu, ta ƙulla mata. Ta yafa gyale.

"Mu je in taka miki."

"Haba Yaya, ga tukunya a wuta."

"Tukunya ba ta da ƙafa. Nan da bakin zaure ne."

Bakin zaure ya zama gindin tsauni, gindin tsauni ya zama bakin ruwa. Tasalla ta ce a gaida yara, ta juya. Ba ta yi nisa ba ta ji taku a bayanta.

"Ina zuwa kuma?"

"Babba ta rako ni har ƙofar gida, in bar ta ta hau tsauni ita kaɗai? Me mutane za su ce?"

Mutane dai ba su ce komai ba, suna can zaune da kwanoni. Da suka iso ƙofar Tasalla, Yalwa ta juya, Tasalla ta bi ta, don ba a taɓa jin baƙuwa ta bar gidanta ba rakiya ba. Suka gangara. Suka hauro. Suka sake gangarawa. Gaisuwa ta ƙare, suka koma tambayar lafiyar kifaye ɗaya bayan ɗaya.

Can Yalwa ta shaƙi iska. "Yaya, kamar ina jin ƙauri."

"Na maƙwabta ne."

"Ai ni kaɗai ce maƙwabciyarki."

"To ki tsaya nan, in je in duba."

"Mu je in raka ki."

"In kin raka ni, sai na dawo da ke."

Suna wannan ja-in-ja tukunya ta gaji da jira. Murfi ya yi sama, har yanzu ba a ji faɗuwarsa ba. Talge ya taso ja wur, ya tumbatsa, ya kwashi kantun gishiri, ya gangaro ta hanyar da suka yini suna takawa. Nan ne kawai aka ga kowacce ta tafi gida ba rakiya, kuma da ɗan hanzari.

Da talgen ya taɓa ruwa ya yi cuu, ya daskare, ya zama ƙanzo tun daga wannan kusurwa ta gaɓar har waccan. 'Yan suna suka duba ƙanzon, suka yi wa jariri addu'a, suka tafi da kwanoninsu a wanke.

Washegari Yalwa ta tsaya a bakin ruwa ta ɗaga murya. "Yaya, da hannuna a ciki. Ni zan kankare."

"Allah ya yi albarka," in ji Tasalla daga sama. "Ba zan sauko ba. In na sauko, kin san sauran."

Shi ya sa har yau teku ke haurowa gaɓar ta goga ta koma, ta sake haurowa, kamar mai jiran a taka mata. Abin da ta kankare shi ne baƙin yashin, abin da ya gagare ta shi ne duwatsun. Tasalla na can a gindin murhu, lokaci lokaci ana ganin hayaƙinta. Gishirin da Yalwa ta hau nema kuwa, na ɗanɗani ruwan. Ta samu.