Gubar da Alhaji Barau ya zuba a rumbun kowa

Yau kan mugunta zan yi magana, irin ta mutumin da zai ɓata abin jama'a don ya cuci mutum ɗaya. Ku gyara zama, kuma kai mai latsa waya a baya, ajiye ta, da sana'arku nake.

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana ce masa Sallau. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Na tambayi masu wannan aiki, suka ce ba mai ƙera komai da kansa. Akwai wani rumbu na kowa da kowa a intanet, inda mutane ke ajiye ƙananan ayyukansu kyauta, kowanne ana kiransa ƙunshi. Mai buƙata zai buɗe baƙin allo ya buga umarni, na'ura ta ɗauko masa ƙunshin, ya sake buga wani umarnin ta harhaɗa komai ya zama manhaja. Amma ku riƙe wannan: ƙunshi ba ya zuwa shi kaɗai. Kamar baƙon biki ne, ka gayyace shi, ya zo da 'yan rakiyarsa, wato wasu ƙunshin da shi ma yake jingine da su.

To, Sallau ya ajiye nasa a rumbun. Ɗan ƙaramin abu ne, lissafin kwanan wata kawai yake yi, amma mutane da yawa sun jingina da shi. Ubangidansa kuwa Alhaji Barau ne, mai kamfanin da ke yi wa shagunan magani manhaja, tana gaya musu wane magani ne wa'adinsa ya ƙare. Shi ya koya wa Sallau aiki, shi ya yi masa aure. Don girmamawa, Sallau ya ba shi ikon saka sabuwar siga ta ƙunshin a rumbu, kamar yadda za ka bar wa uba mabuɗin ɗakinka.

Ana nan sai wata mata, Hajiya Tabawa, ta buɗe kamfani mai irin aikinsa, shaguna suka fara komawa wajenta. Barau ya bincika, ya gano ita ma da ƙunshin Sallau take aiki. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ce yana so a fitar da sabuwar siga mai karkata lissafi da 'yan watanni. Su za su ɗaure tasu manhajar a kan tsohuwar siga, kamar akuya a turke, Hajiya kuwa ta sabunta tata ta sha kunya.

Sallau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ita kaɗai ke ɗiba ba. Kuma magani ne fa, cikin mutane yake shiga."

Barau ya ce, "Kai Sallau, yaushe ka zama limami? Da na tsince ka ko kunna kwamfuta ba ka iya ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski."

"Na ci, Alhaji, ban musa ba. Ka sa ni shara, in yi. Wannan dai ba da hannuna ba. Kuma kada in ɓoye maka, in aka fitar da ita zan gaya wa mutane."

Ku saurara. Mutum mai iyali, matarsa da tsohon ciki, ba shi da wata hanyar abinci sai wannan. A ranar aka kore shi, aka bi gari ana cewa butulu ne. Surukinsa ya zo har gida ya yi masa faɗa, ya ce ya je ya ba da haƙuri. Bai je ba, bai kuma zagi Barau ba. Ya samu benci a bakin kasuwa yana gyaran waya.

Shi kuwa mugun, da mabuɗin amanar nan ya shiga. Ya cire sunan Sallau daga masu iko, ya karkata lissafin, ya tura sabuwar siga rumbu. Sallau na gani ya cika alkawari. Ya yi shela a dandalin masu sana'ar cewa kowa ya tsaya kan tsohuwar siga, sabuwar ba daga hannunsa ta fito ba, kuma a duba 'yan rakiya, don tana iya shigowa ta bayan wani ƙunshin. Har shi Barau sai da Sallau ya tura wa saƙon. Hajiya Tabawa ta karanta, ta duba, ta tsira. Barau ya ga sunan mai aikowa ya goge, bai buɗe ba.

To, a manhajarsa akwai wani ƙunshi na daban mai buga ranar ƙarewar magani, shi kuma wannan da na Sallau yake jingine, kuma sabuwar siga yake janyowa. Barau ya kulle ƙofar gaba, ta baya a buɗe. Ya buga umarnin sabuntawa. Da na'ura ta zo yin gwajin da ake yi kafin a harhaɗa, ya ce a tsallake, sauri yake. Ya tura wa shaguna da hannunsa.

Sai manhaja ta riƙa cewa lalataccen magani lafiyarsa lau. Wani mai shago ya sayar wa wata uwa maganin tari wanda wa'adinsa ya wuce, mijinta ya karanta jikin kwalba, ya taso unguwa. Aka bi sawu, ga sunan Barau a rumbu, a jikin sigar da ya tura.

Kun dai ji. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Abin da jama'a suka jingina da shi amana ne, ko rijiya ce, ko mudu, ko ɗan rubutu a kwamfuta. Kai mai surka mai da ruwa, ke mai zuba shara a kwatar unguwa don ta toshe ƙofar maƙwabciya, da ku nake. Kuma wanda ubangida ya sa shi cuta, ya tuna Sallau: alheri ba ya sayen imanin mutum.

Sallau dai masu kula da rumbu sun mayar masa da ƙunshinsa, ya gyara, yana nan yana cin halaliyarsa. Barau kuwa ga abin da ya girba. Shaguna talatin da ɗaya da yake yi wa aiki duk sun bar shi. Ma'aikatansa huɗu sun watse. An toshe sunansa a rumbu, ba zai ƙara saka ko harafi ba. Ofishin da ya rufe ƙofarsa ya ƙulla sharri, yanzu wani ke sayar da buhunan gawayi a ciki.