Harafin da Tauqir Ya Kulle

Akwai wani mutum a Lahore mai suna Tauqir, sana'arsa tsara littattafan da ake karantawa a waya da allon karatu na lantarki. Gwani ne, amma kansa ya fi ƙarfin hularsa.

Wata rana aka kawo masa littafin marigayi Shamshad, tsohon malamin makaranta. Tauqir ya zaɓi wani siririn harafi mai lanƙwasa kamar na masu rubutun hannu, sannan ya kulle girmansa don kada kowa ya ɓata masa ado.

Ba a jima ba sai ga matar marigayin, Khala Nuzhat, wato Inna Nuzhat a harshensu, riƙe da tsohon allonta. Tsufa ya fara cin idanunta. Ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin tana buɗawa don rubutun ya ƙara girma, amma ko motsi.

"Ɗana, waɗannan tururuwan naka sun ƙi girma."

"Haba Khala! Rubutun sarakuna ne kike kira tururuwa? 'Yarki ta karanta miki mana."

"Maganar mijina ce. Ba na son jin ta a bakin kowa."

"To, zan duba," in ji shi, yana kurɓar shayinsa.

Gyaran bai kai dafa shayin ba, amma girman kai ya sa ya yi ta jan ƙafa. Sai da damina ta wuce ya buɗe kullen, ya kama hanyar gidan.

A bakin lungu ya tarar da tabarmin zaman makoki, ashe Khala Nuzhat ta rasu. 'Yarta ce ta miƙo masa allon.

"Kullum bayan sallar walha sai ta gwada," ta ce. "Tana cewa yaron nan ya ce zai duba."

Gilashin duk shatin yatsu ne, wuri guda. Ya saka sabon littafin, ya ƙara girman rubutun. Sai a ranar ya karanta shafin farko, don a da siffar haruffa kawai yake kallo. An rubuta: "Ga Nuzhat, wadda za ta riga kowa karantawa."

Har yau Tauqir bai ƙara kulle harafi ba. Amma duk allon da ya ɗauka, sai ya ga kamar yatsun nan biyu suna buɗawa, suna jira.

Darasi: Adon da ya hana mai buƙata amfana zalunci ne, kuma gyaran da za ka iya yau kada ka kai shi gobe. Tura wa wanda ka san ana jiran "zan duba" ɗinsa.