Bango Biyu da Toka a Tsakani

Dalilin da ya sa murhun banda na Tungar Kuka yake da bango biyu, kuma masu gina shi ba sa yi wa juna magana, shi ne abin da zan gaya muku, tunda kun tambaya. Ku gyara zama.

Da can ba haka ake bandar kifi ba. A fili ake hura wuta, a kafa sanduna a kanta, a jera kifi. Iska ta kwashe zafin, hayaƙi ya bi gari, kifi kuma ya yi ta jira. Itace yana da yawa a lokacin, don haka babu wanda ya damu.

Sai wata shekara kogi ya cika ya kwanta a kan daji, itace ya jiƙe sharkaf. A Tungar akwai wata mata mai suna Tasalla. Mijinta masunci ne, kuma kifin da take yi wa banda bayan ruwa ya janye shi ne miyar gidansu har kaka. Busasshen itacen da ya rage mata bai fi ta rungume da hannu biyu ba. Ta san idan ta hura shi a fili, zai ƙare kifi bai ko yi ja ba, kamun shekarar ya ruɓe a gabanta.

Ta kwaɓa laka, ta ɗaga wani ɗan bango zagayayye don ya tare iska. Ba ta taɓa gini ba, saboda haka ya fito siriri, ya karkata gabas.

Tana cikin shafe shi sai ga Nomau magini, taubashinta. Kun dai san taubasai, ba a haɗuwa a rabu salin alin.

"Baiwata, sannu da aiki," in ji shi. "Akurkin kaji ne, ko kabarin kyanwa?"

"Bawan gidanmu, wa ya aike ka? Murhu ne."

"Wannan? Idan akuya ta yi atishawa zai faɗi. Matsa in gyara miki."

"Kada ka taɓa mini gini. Ko da ɗan yatsa."

"To, ba zan taɓa ba."

Bai kuwa taɓa ba. Ta tafi rafi wanki, shi kuma ya ɗebo laka ya gina wani bangon mai kauri, ya zagaye nata, ya bar tazarar tafin hannu a tsakani. Ƙofar wuta kaɗai ya bari daidai da tata.

Da Tasalla ta dawo ta ga an rufe mata gini kamar abin kunya, ranta ya ɓaci. Amma ba a kai ƙarar taubashi, dariya za a yi mata. Sai ta ce, "Nomau, ba za ka ƙara jin muryata ba sai ranar da ka rushe bangon nan."

Ya yi dariya ya tafi, yana zaton kafin la'asar za ta huce.

Ba ta huce ba. Kullum da safe idan ta kwashe tokar madafa, sai ta je ta juye a ramin da ke tsakanin bangayen, don ya san juji ya gina mata. Maƙwabta suka ga an sami wurin zuba toka kusa, su ma suka riƙa kawo tasu. Kafin ruwa ya janye, rami ya cika maƙil.

Nomau kuwa abin ya fara damunsa. Ya gaishe ta, ta dubi sama. Ya ce mata hancinta kamar murfin tulu, ta wuce abinta. Mutumin da ya saba a rama masa, ranar da ba a rama ba ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Ana nan sai masunta suka dawo da kamu, tarwaɗa da karfasa cike da kwale-kwale. Tasalla ta wanke rabonta, ta gitta sanduna a cikin murhun, ta jera kifi, ta hura 'yan ƙirarenta, ta rufe bakin da jiƙaƙƙiyar tabarma. Ta zauna tana jiran itace ya ƙare. Hantsi ya yi, azahar ta yi, ko rabinsa ba ta sa ba. Duk sanda ta ɗaga tabarmar, zafi ne ke dukan fuskarta.

Daidai lokacin sai ga Nomau da gatari a kafaɗa.

"Na gaji, baiwata. Kin ci. Yau zan rushe shi ki yi mini magana."

Tasalla ta miƙe tsaye. Ta nuna masa bangon waje da muciya. Ya dafa, ya ji ɗumi kaɗan, kamar bayan jaki. Ta ɗaga gefen tabarma, tururi ya buge shi har ya ja baya. Kifi ya yi jawur yana ɗigar da mai. Nomau magini ne, nan take ya gane tokar ce ta riƙe zafin. Ya kuma gane wani abu. Ya yi murmushi, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gatari.

"Magana dai magana ce. Kin ce sai na rushe."

Ta dubi kifinta, ta dubi gatarin.

"Ajiye, mai kan tulu," in ji ta.

"Ban ji ba. Iska ce?"

"Na ce ajiye. Zo ka ci kifi."

Ya zauna ya cinye tarwaɗa guda, yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Ita kuma ta ce bangonta ne ya yi aikin, nasa riga ce kawai. Har suka tsufa ba su daidaita a kan wannan ba. Amma kifin ya kai su kaka, kuma kafin shekara ta zagayo, kowane gida na Tungar yana da irin murhun.

Shi ya sa har yau, idan za a gina murhun banda a garinmu, mai murhun ce ke ɗaga bangon ciki, taubashinta ya zagaye shi da na waje ba tare da ya taɓa nata ba. Babu mai ce wa wani uffan sai toka ta cika tsakani. Idan kun ga ana saurin kawo toka daga gida gida, ba don murhun ba ne kaɗai. Mutanen biyu ne bakinsu ke ƙaiƙayi.